Littafin da ba shi da bango



Duk wanda ya leƙa jakar ɗansa bayan an tashi daga Islamiyya zai tarar da takardun da aka buga da injin kwafi, babu bango, babu sunan malami, babu alamar aji. Kafin damina ta wuce shafin farko ya yage, ba a san na wane ne ba, balle inda aka tsaya. Muna ganin lokaci ya yi da makarantunmu na Wagadugu za su haɗa kai a kan bango iri ɗaya.

Wasu za su ce bango ado ne, ilimi yana ciki. Magabatanmu ba su ɗauki abin haka ba. Alarammomin Kano da Katsina suna rubuta baƙi da baƙar tawada, wasali da ja, hamza da ɗorawa, su sa kumsa a kowace aya biyar, kuri a kowace goma, zayyana a kan hizifi, sannan a adana Alƙur'anin cikin gafaka. Saboda wannan tsari, almajirin da ya taso daga Zariya ya sauka Maraɗi ba ya ɓata a shafi.

Mu kuwa buƙatarmu ta fi tasu. Tun da aka rushe Zangwatin a 2003 domin aikin ZACA, iyalanmu suka watsu cikin unguwanni, yaro kan sauya makaranta sau biyu ko uku. Da littattafan suna da kama ɗaya, sabon malami zai san matakinsa da kallo guda.

Shawararmu ita ce malamai su zauna su tsayar da launi ga kowane aji, a rubuta sunan littafi da ajami da boko, a sa sunan mawallafi da shekara, a bar gurbin sunan ɗalibi, a yi bangon da kwali mai kauri. Wannan bai fi ƙarfin aljihunmu ba idan an buga da yawa tare.

A Disamba 2023 aka gyara tsarin mulkin Burkina Faso, harsunan ƙasa suka zama na hukuma. Makwabtanmu masu Mosanci da Fulatanci za su baje littattafansu. Kada namu ya fito tsirara a cikin taro, domin kyan ɗa ya gaji ubansa.

Allah Ya sa mu dace.