MUTUNCIN MUTUM BA JINGINA BA NE

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Tun daga ɗan dako a kasuwa har Gwamnatin Tarayya kanta, babu wanda ya fi ƙarfin rance. Saboda haka ba mu ga laifin kamfanonin da suka buɗe sana'ar ba da rance ta wayar salula ba, domin sun share hawayen mutane da yawa waɗanda banki ba ya ko kallonsu don ba su da fili ko gidan da za su jinginar. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a yau shi ne hanyar da waɗansu daga cikin kamfanonin nan suke bi wajen karɓar kuɗinsu.

Ga yadda abin yake. Mai bukata zai sauke manhajar kamfani a wayarsa, ya ba da lambarsa ta banki, ya danna wurin da aka ce ya yarda. Da wannan dannawa ɗaya manhajar za ta kwashe lambobin duk mutanen da ke cikin wayar, wani lokaci har da hotuna. Sai a ba shi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, a yanka masa wa'adin mako ɗaya ko biyu, a ɗora kuɗin ruwa mai nauyi. Ran da ya makara, sai saƙo ya isa ga surukansa da maigidansa a wurin aiki da abokan kasuwancinsa, ana kiransa ɓarawo ko ɗan damfara. An sha ganin inda aka yaɗa hoton mutum da sanarwar mutuwarsa alhali yana raye. Watau kamfanin ya karɓi mutuncin mutum a matsayin jingina, ya kuma mai da mutanen da ba su ci nanin ba su zama masu tsaya masa.

Lalle ne a yaba wa hukuma, domin ba ta naɗe hannu ba. A watan Agusta na 2021 Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, watau NITDA, ta ci kamfanin Soko Lending tarar Naira miliyan 10 saboda keta sirrin masu cin bashi. A watan Maris na 2022 Hukumar Kula da Gasar Kasuwanci da Kare Masu Saye ta Tarayya, watau FCCPC, ta kai samame ofisoshin waɗansu kamfanonin a Ikko, sa'an nan a watan Agusta na shekarar ta wajabta musu yin rajista. A 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin rance da ke rumbunsa taɓa lambobi da hotunan da ke cikin wayar mutane. A watan Yuni na wannan shekara ta 2023 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukuma ta musamman, ta kuma tanadi tarar da za ta iya kai kashi 2 cikin 100 na kuɗin da kamfani ya samu a shekara. A 2025 kuma FCCPC ta fito da cikakkun ƙa'idojin rance ta waya, da tarar da za ta iya kai Naira miliyan 100. Kafin duk waɗannan ma, sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya riga ya kare sirrin ɗan ƙasa da na wayarsa.

Ashe ke nan ba a rasa doka ba. A ganinmu matsaloli uku ne suka rage.

Na farko, kamfanin da ke zaune cikin waya ba shi da rumfa a kasuwa balle a garƙame ta. In an kori manhaja yau, gobe sai ta sake suna ta dawo, ko kuwa ta bar rumbun Google ta riƙa bi ta saƙonni tana neman mutane. Maganin wannan shi ne a bi sawun kuɗin. Kowane rance ta asusun banki yake fita, ta nan kuma yake komawa. Ya kamata Babban Bankin Nijeriya ya tabbatar da cewa babu bankin da zai riƙe asusun mai ba da rance marar rajista, kuma a gurfanar da shugabannin kamfanin da sunayensu gaban kotu, domin tara kaɗai ba ta tsorata wanda ribarsa ta ninka tarar.

Na biyu, maganar yarda. Kamfanoni suna fakewa da cewa mai cin bashi ya danna ya amince. To, wace irin yarda ce wannan, ga sharuɗɗa shafi-shafi cikin Turancin lauyoyi, ga mutum da marar lafiya kwance a asibiti? Kuma ko da shi ya yarda, surukarsa yaushe ta yarda a ɗauki lambarta? Muna kira da a wajabta rubuta jimlar abin da za a biya da ranar biya a fili, cikin Hausa da Yarbanci da Ibo da sauran harsunan ƙasan nan, kafin a tura ko kwabo.

Na uku, haƙƙin mai ba da rance. Gaskiya ɗaya ce, akwai masu cin bashi daga manhaja biyar su jefar da layin waya su ɓace. Wanda ya yi haka ya ci amana, shi ne kuma yake sa a tsauwala kuɗin ruwa a kan masu gaskiya. Amma doka ta buɗe hanya. Tun 2017 akwai dokar da ta tsara ajiye tarihin masu cin bashi, yadda wanda ya ƙi biya ba zai sake samu a wani wuri ba, kuma jihohi irin su Ikko da Kano sun kafa kotunan ƙananan ƙararraki na kuɗi. Kamfanin kirki ta nan zai bi. Kamfanonin da ke riƙe da gaskiya su ya fi kamata su tona asirin ɓata-garin cikinsu, domin wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma ranar da jama'a suka daina amincewa da kasuwancin waya kowa zai yi asara.

Ga jama'a kuwa, shawararmu ita ce kowa ya duba sunan kamfani cikin jerin waɗanda FCCPC ta amince da su kafin ya karɓi rance, kada kuma ya ba wata manhaja izinin shiga lambobin wayarsa. Wanda aka ci wa mutunci ya adana saƙonnin ya kai ƙara, kada kunya ta hana shi. Hukumomi su ma su riƙa bayyana wa jama'a ƙararraki nawa suka karɓa da hukuncin da suka yanke, a rediyo da jaridu, yadda mutumin ƙauye zai ji. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.