Baƙar Mota Daga Nansha

Zancenmu na wannan wata a kan baƙar mota ne, gama mun ga ta fara yawa a ƙofar gidajen alhazai, waɗansu kuwa daga Nansha aka yi musu lodinta.

Ita Nansha wani yanki ne na birnin Guangzhou a kudancin ƙasar Sin, inda Kogin Lu'ulu'u yake faɗawa teku. Akwai babbar tashar jiragen ruwa a can, da sashen da aka keɓe domin lodin motoci. A nan ne kuma ma'aikatar GAC Toyota take, wadda ta fara fitar da Camry a 1 ga jerin motocinta cikin 2006. A 2019 hukumar Sin ta ba da iznin fitar da motocin hannu zuwa ƙasashen waje, aka fara lodi daga Nansha. Sitiyarinsu a hagu yake, watau ya dace da hanyoyin Gana, inda aka koma tuƙi ta dama tun 1974.

To, motar da ta zauna a filin tasha ta sha iskar teku mai gishiri da ruwan daminar can, wadda kan kama daga Afrilu zuwa Satumba, sa'an nan ta yi fiye da wata guda a jirgi kafin ta iso Tema, abu na farko da take bukata wanka ne, har ƙarƙashinta. Kada a yi gaggawar shafa mata kome.

A san wannan: fentin mota hawa-hawa ne. Akwai na ƙasa mai kama ƙarfe, da mai launi, da na sama wanda yake garai-garai kamar gilashi. Dukansu a haɗe ba su wuce kaurin silin gashi biyu ba, na saman kuwa bai kai rabin haka ba. Shi ne mai ƙyallin, shi ne kuma yake karcewa. Baƙar mota ba ta fi fara saurin karcewa ba, bayyana abin take yi, kamar yadda ɗigon alli yake fita a baƙin allo.

Ga inda muke so a tsaya. Hunturu ya kama, hazo ya sauko daga Sahara, mafi yawansa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Ƙurar nan laushi gare ta a hannu, amma garin dutse ne. Da asuba maigida ya miƙa wa yaro busasshen tsumma ya ce a goge mota. Yaro ya yi ta murzawa da ƙarfinsa domin a yaba masa. Bayan wata uku a fito da mota rana, sai a ga zane-zane zagaye kamar saƙar gizo-gizo, faɗa ya tashi, har a riƙe ɗan ladan yaron. Mu da muke zaune da yaran nan a makaranta muna jin ƙararsu. Laifin na wanda ya ba da busasshen tsumma ne, ya kuma hana ruwa.

Yadda ake yi shi ne a kai mota inuwa, da safe ko bayan la'asar, lokacin da jikinta ya huce. A kwarara ruwa tukuna ƙura ta sauka da kanta. Bokiti biyu: ɗaya na sabulun mota, ɗaya na ɗauraye tsumma. A fara daga sama, taya kuwa da tsummanta dabam. Garin sabulun wanki ba na mota ba ne, yana cinye kakin da aka shafa. Ruwan rijiya in ya bushe da kansa yakan bar farin tabo, saboda haka a tsane da tattausan ƙyalle. Kashin tsuntsu da na jemage kada ya kwana. Wanda ya taɓa ajiye mota a gindin itatuwan Asibitin 37 a Ankara ya san zancen.

Kakin da aka fi sani sunansa karnuba, daga ganyen wani irin giginya na ƙasar Burazil ake samunsa. Ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 80, amma bonet ɗin baƙar mota da tsakar rana yakan kai 70, don haka a ƙasarmu ba ya daɗewa, wata biyu ko uku sai a sake. A shafa shi siriri. Mai haɗa tawada ya san ƙaro kaɗan ke sa rubutu sheƙi, in ya yi yawa sai ya yi danƙo. Haka kaki. Ya ɗan bushe, a goge da ƙyalle mai tsabta. In an zuba ruwa ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya, kaki yana nan, in ya shimfiɗe, ya ƙare. Man gurza kuwa, wanda ake sa wa inji, cin fentin sama yake yi kowane karo, abin da ya ci ba ya dawowa.

Saura maganar ciniki. Akwai kaki mai cike zane ya ɓoye shi, mota ta fito kamar sabuwa, bayan wanki biyu ko uku aibi ya dawo. Wanda ya shafa shi da niyyar rufe ido ya sayar bai faɗa ba, algus ya yi, ko da a bakinsa gyara ne. Mai saye ya duba mota da tsakar rana, ko ya haska tocila a gefen ƙofa. Wanda kuma ɗan'uwansa zai saya masa a Guangzhou, ya ce a ɗauko masa hotonta a fili cikin rana, bayan an wanke ta, kafin ya aika da kuɗi.