Ba Mutuwa Yaranmu Ke Tsoro Ba, Wulaƙanci Suke Gudu

Kwanan baya wani yaron unguwarmu ya tare ni bayan sallar la'asar, da takardar da ya ciro daga shagon kwamfuta a hannunsa. Ya cike fom ɗin shiga soja. Shekararsa 20, ya gama sakandare, ba aikin fari ba na baƙi. Tambaya ɗaya ya yi mini: "Baba, don Allah in na gama horo a Zariya, daji za a tura ni ko?" Na ce masa gaskiya: soja ba ya zaɓar inda za a kai shi. Yau akwai Operation Haɗin Kai a Borno da Yobe, akwai Fansan Yamma a Zamfara da Katsina da Sakkwato. Wanda ya sa kaki dole ya sa a ransa cewa zai iya ganin wuta.

Da na ba da labarin nan a majalisa, sai wani babba a cikinmu ya taɓe baki, wai yaran yanzu ragwaye ne, albashi suke so ba yaƙi ba. Haba Alhaji! Wannan magana ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Su wane ne ragwayen? A 2013, lokacin da Boko Haram ta addabi Maiduguri, samarin gari ne suka fito da gora da adda suka kafa abin da ake kira 'yan ƙato da gora, ba albashi ba rigar sulke. A Katsina da Zamfara, da gwamnatocin jihohi suka nemi matasa su shiga rundunar tsaron al'umma, 'ya'yan talakawa ne suka yi layi. Wanda ya tunkari mai AK-47 da gora ba za ka koya masa jarumta ba. Abin da ke sa gaban yaro faɗuwa shi ne labarin da ya ji daga bakin yayyensa da suka riga shi shiga, kuma labarin ba ƙage ba ne.

Mu tuna 2014. A watan Mayu, sojoji a barikin Maimalari sun buɗe wa motar kwamandansu wuta bayan an kawo gawarwakin 'yan uwansu da aka yi wa kwanton ɓauna a hanyar dawowa daga Chibok. Kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa. A Disamba ta sake yanke wa 54 hukuncin kisa saboda sun ƙi fita yaƙi, su kuwa suna cewa ba a ba su isassun makamai ba. Daga baya aka sassauta hukuncin ya koma ɗaurin shekara 10. Sai ga shi a 2015 an bankaɗo badaƙalar kuɗin makamai, dala biliyan 2.1, da ake zargin an karkatar ta ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. To wa ya ci amanar ƙasa a nan? Kurtun da ya ce harsashinsa ya ƙare, ko wanda aka damƙa wa kuɗin harsashin?

Kada wani ya ce ai wancan gwamnati ce. An canja gwamnati, an kawo 2018. A watan Agusta sojoji suka yi bore a filin jirgin Maiduguri, suna harbi sama, suna cewa sun shafe shekaru a fagen daga ba a sauya su ba, ga shi za a sake tura su Marte. A Nuwamba aka afka wa bataliya ta 157 a Metele, aka kashe kwamandanta da sojoji masu yawa. Rundunar ta ce 23 ne, wasu rahotanni suka ce sun haura 100. Har adadin gawa sai an yi jayayya a kansa! A Agustan 2023 kuma hedikwatar tsaro da kanta ta tabbatar da mutuwar jami'ai 36 a jihar Neja, tsakanin kwanton ɓauna da faɗuwar jirgi mai saukar ungulu da ya je kwaso waɗanda suka ji rauni. Gwamnati uku, kuka ɗaya.

Yaron nan yana da waya, yana ganin duk wannan. Yana ganin bidiyon sojoji suna nuna abincin da aka ba su. Yana jin zawarawan sojoji a rediyo suna ƙorafin sun yi ta zarya da takardu ba a biya su haƙƙin mazajensu ba. Ranar 15 ga Janairu kuma manya su sa babbar riga, su ajiye furanni, a saki tantabaru, kowa ya kama gabansa. Mutuwa kam Musulmi da Kirista duk sun san ba ta wuce lokacinta. Amma a ce ka mutu saboda wani ya cinye kuɗin motar sulke, sannan a bar mahaifiyarka da matarka suna yawon ofis-ofis, wannan fa shi ne abin tsoron.

Sannan ina tambayar mai cewa ragwaye: 'ya'yanka nawa ne suka cike fom ɗin kurtu? Naka yana Ingila ko Masar yana karatu, na maƙwabcinka kake so ya je Sambisa ba tambaya. Wallahi wannan ba adalci ba ne.

Mu da ke cikin siyasa muna da hanyar gyara, in da gaske muke. Duk wanda zai zo neman ƙuri'armu don zuwa majalisar tarayya, mu sa shi a gaba da abu huɗu. A ƙayyade tsawon lokacin da soja zai yi a fagen daga, a rubuta, a kuma bi. A sa wa'adin biyan iyalan wanda ya rasu, wanda ya saɓa a hukunta shi. Kwamitocin tsaro na majalisa su riƙa bin diddigin kowane kwangilar makamai har su ga kayan da idonsu. Kuma a riƙa faɗin sunayen waɗanda suka kwanta dama, a sanar da iyayensu cikin mutunci, ba su tsinci labari a Facebook ba.

Yaron nan dai ya ce zai je tantancewa, kuma ban hana shi ba, don ƙasa ba ta zama ba soja. Na sa masa albarka. Amma shi ya ɗauki alkawarin ba da ransa. Mu wane alkawari muka ɗaukar masa?

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya tsare waɗanda ke bakin daga, Ya ba shugabanninmu tsoronSa.