Masu tafiya bida da waɗanda suka bari gida

Kowace shekara, da an gama girbi, samarin Tabotaki da sauran garuruwan Adar sukan kama hanyar Abijan, Legas ko Libiya, wajen bida. Marubuta sun daɗe da lura da irin wannan ƙaura. Abdulƙadir Ɗangambo, cikin Kitsen Rogo, ya nuna ɗan ƙauyen da birni ya ruɗe shi. Marina Lewycka kuwa, cikin Two Caravans (2007), ta nuna wahalar ƴan ƙasar Yukren masu ƙodago a gonakin Ingila. Amma dukansu sawun matafiyi suka bi. Matar da aka bar wa ƴaƴa da rumbu mai ƙarewa kafin damina, ba a cika ba da labarinta ba. Wannan aiki yana jiran alƙalamin waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci.