Duk Mai Naƙasa Sai Sashen Ilimin Musamman?

Akwai wata gurguwar shawara da ake ba yaranmu duk shekara idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya zo, kuma ta ishe ni. Yarinya tana kan keken guragu, hannunta ya faɗa a zane tun tana firamare. Yaro makaho ne, yana tsara waƙa manya su yi shiru. Amma da malaminsu da kawunsu da mai shagon kwamfuta, bakinsu ɗaya: "A sa musu Ilimin Musamman, can ake karɓar irinsu." Irinsu! Wa ya tambaye su abin da suke so?

Ba da sashen Ilimin Musamman na Jami'ar Bayero ko na Jos nake ba, balle kwalejin tarayya ta Oyo. Malamai suke horarwa, mai son malanta bismillah. Faɗana da masu mayar da shi rumbun da ake zuba duk wanda aka rasa yadda za a yi da shi.

Abin haushin ma, a ƙasar Hausa ake wannan. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, kuma har gobe ana nazarin Waƙoƙin Imfiraji a sassan Hausa na jami'o'inmu, mutane suna cin digiri da su. A Zariyar nan sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello yake, a garin ne kuma su Uche Okeke da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958. A Jos akwai makarantar koyon fim ta ƙasa. Me zai hana kurma mai riƙe kyamara ya sa ran zuwa can?

Kada wani ya ce mini babu doka. Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci a watan Janairun 2019. Ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyar shiga, wa'adin ya cika tun farkon 2024. Ta yanka tarar naira miliyan 1 ga ma'aikatar da ta nuna bambanci. Ita JAMB tun 2017 take shirya wa makafi jarrabawa ta daban. To, an ci jarrabawar, sai me? Sai a tarar ɗakin zane yana bene na biyu, ba lif, ko akwai shi ba wuta. Kurma ya zauna lacca awa biyu yana kallon leɓen malami, ba tafintan maganar hannu. Kuɗin gina katafariyar ƙofar shiga ba ya yankewa, na ɗan gangaren siminti ne kullum "ba ya cikin kasafi".

Don haka iyaye, sunan makaranta kada ya ruɗe ku. Kafin a cike fom, ku ɗauki yarinyar da kekenta ku je. Kada ku tsaya ofishin shugaban jami'a, can komai sumul ne. Ku nufi sashen da take so, ta gwada shiga ɗakin aikin da kanta, ta ga ko teburin zai yi mata. Ku leƙa banɗaki, don shi ne yake korar ɗalibai mata fiye da wuyar karatu, kunya ce kawai take hana a faɗa. Ku tambaya ko za a ba ta ɗakin kwana a ƙasa, ko ana ƙara lokaci a jarrabawa. Sannan ku nemi ɗalibi mai naƙasa da yake aji uku a nan, ku zauna da shi ba malami a kusa.

Idan shugaban sashe ya ce "za mu duba, in sha Allah", ku ce ya rubuta ya sa hannu. In ya ƙi, hukumar kula da masu naƙasa ta ƙasa tana Abuja tun 2020. A kai mata ƙara a rubuce, da sunan sashen da ranar da aka je.