Wa Ke Auna Sikelin Mai Gas a Zuru?

A shekarar 2021, cibiyar TÜV SÜD da ke East Kilbride a ƙasar Birtaniya ta buɗe ɗakin gwada ingancin mitocin iskar haidirojin na gidaje. Dalilin a fili yake: zafin da haidirojin ke bayarwa kusan sulusin na iskar gas ne in an auna su da mudu ɗaya, saboda haka tilas mita ta ƙirga ninki uku, kuma duk kuskuren da ta yi a aljihun magidanci zai ƙare. Tun iskar ba ta wadata a gidaje ba suka fara tuhumar ma'aunin.

Mu kuwa a Zuru gas ɗin girki ya riga ya shige mana madafa, amma sikelin mai shago shi ne alƙali, shi ne shaida. Uwargida ta biya kuɗin kilo 12.5; in tukunya ta ƙare da wuri, sai a ce ta cika ɓarna. Alhali Dokar Awo da Ma'auni ta 1974 ta ɗora wa ma'aikatar ciniki ta tarayya alhakin duba sikelin 'yan kasuwa. Shin yaushe rabon mai karatu da ganin jami'inta, da duwatsun gwaji a hannu, tsakanin Zuru da Dabai?