SHARHI: Hawan dutse ya bunƙasa a Abuja, amma wa ke kare ɗan jagora?

Tun daga watan Satumban 2025, duk baƙon da zai hau Dutsen Everest a babban lokacin hawa sai ya biya gwamnatin Nefal dala 15,000, maimakon 11,000. Sai dai a kan ƴan ƙabilar Sherpa nauyin yake: su ke ɗaura igiyoyi, su ɗauki kaya, su ceto wanda ya gaza. A Afrilun 2014 ƙanƙara ta rufta ta hallaka ƴan jagora 16, abokan aikinsu suka ƙaurace wa hawa har sai an duba batun diyya da inshora.

Wannan darasi ya shafe mu. A ƙarshen mako, matasa daga Mararaba da Nyanya kan bi ayarin masu hawa duwatsun Mpape da kewayen Karu. Sau da yawa ɗan ƙauyen da ya san hanya, galibi Bagwari, shi ke gaba, a sallame shi da na goro.

Ga kuma matsalar iyaka. Mararaba tana Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, Nyanya kuwa tana Babban Birnin Tarayya. Idan wani ya zame a tsakani, wa zai kai ɗauki?

Ya kamata hukumomin ɓangarorin biyu su yi wa ƴan jagora rajista, su koya musu taimakon gaggawa, su tsayar da mafi ƙarancin lada. Rigakafi ya fi magani.